Dakalin da Na Rushe Saboda Jar Mota

Birni, Damagaram.

Zuwa ga angona Faruk, a Yamai.

Assalamu alaikum. Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, ka riƙe shi har ƙasan takarda: wace tsohuwa ce ke tari da asuba, ƙafafunta na ciwo, maganinta sai an aiko daga ƙasar waje, amma Faruk ba ya gajiya da jinyarta?

To, yanzu gaisuwa. Ina fata kana lafiya, kai da aikin biro, wato ofis, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan sai godiya. Ƙanwarka Aliya ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe. Kawunka Sama'ila kuma ya dawo daga Gaffati, ya ce gero ya yi kyau.

Hoton ya iso, Aliya ta nuna mini a salula. Kakarka ta wajen uwa, Hajiya Zakiyya, ta hakimce a cikin jar motar nan taka, ta maƙala tabarau, tana washe haƙoran da ni da ita muka san ba nata ba ne. An ce kujera biyu ce kacal a motar. Ɗaya taka, ɗayar kuma ka riga ka bayar. Ni da na goya ka har bayana ya sage, ko ƙamshinta ban ji ba. Ban yi fushi ba fa, tuwo ne dai ya ƙi shiga ranar.

Ka tuna ka ce da motar za ka zo Babbar Salla? Gida-gida na bi na shaida wa matan unguwa. Da Sama'ila ya ce lungunmu ya yi mata ƙunci, sai na kira Sule magini ya rushe dakalin ƙofar gida, wanda marigayi kakanka ya gina, don ta samu wurin juyawa. Ranar Salla na ci ado tun hantsi na tsaya a gurbinsa. Sai da la'asar aka ce ta yi zafi ta mutu kafin Dogon Dutsi, an ɗaura mata igiya an mayar da ita Yamai, kai ma ka bi ta. Ka bi ta, Faruk! Motocin Damagaram na wucewa ta gabanka, ba ka tsayar da ko ɗaya ba. Yanzu a tabarma nake shan iska, Ladi maƙwabciyata kuma kullum sai ta leƙo ta tambaya ko motar ta gama juyawa.

Sama'ila ya ce ko da ta iso, cikinta ƙasa yake ja, yashin Birni zai riƙe ta tun daga bakin gari. Ya ce isansi, wato fetur, take sha ba ƙoshi, tayarta guda ta fi ragon layya tsada, kuma Baturen da ya rabu da ita sai da ya gama more ƙuruciyarta. Wai ko gobe ka kai ta kasuwa, rabin kuɗinta ma sai an lallashi mai saye. Ni akuya na sani, ka saya bana, baɗi ta zama uku. Taka kuwa bana mota, baɗi akurkin kaji.

Ban ce ka sayar ba, kada a ce tsohuwa ta shiga tsakani. Abin da nake so, ranar sunan abin da Aliya za ta haifa, ka kasance a tsakar gidan nan. Bar motar wurin makanisiye mai gyaranta, ka hau motar haya kamar kowa. Idanuna sun fara hazo, ina so in ga fuskarka tun ina iya bambanta ta da ta kawunka. Ka taho da kuɗin siminti, dakali a wuyanka yake.

Aliya da mijinta Adam suna gaishe ka, haka Sama'ila da iyalinsa. Ka gaida mahaifiyarka Fati. Ka gaida Hajiya Zakiyya, ka ce ina yi mata barka da yawo.

Amaryarka ta tuntuni,
Inno.

Tsohuwar nan da na tambaye ka, ba ni ba ce, ba kuma Hajiya Zakiyya ba. Motarka ce.