Mabuɗin Kaisla

Litinin, 3 ga Maris
Na goge unguwar Masunta yau da hantsi. Da hannuna. Ɗaki ɗari biyu da 'yan kai, waɗanda mutane suka shekara shida suna ginawa a Kaisla, garin cikin kwamfuta da ni da Outi muka kafa tun muna jami'a. Gari ne na rubutu zalla, abin da ka siffanta shi maƙwabcinka zai gani. Ƙofa ɗaya na je gyarawa, na buga umarnin da ba shi ba. Outi ta maido da yawancinsu daga ajiya. Lambun da wata mata ta yi wa ɗanta da ya rasu bai dawo ba, sabo ne, ba a kai ga adana shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Likita ya ce in zana agogo, don ya gwada ƙwaƙwalwata. Na zana, lambobin duk suka taru gefe guda. Matata Sinikka tana ta kallon takalminta. A mota sai cewa ta yi, "Raimo, mu tsaya mu sayi burodi." Akwai burodi a gida.

Asabar, 8 ga Maris
Outi ta zo shan gahawa. Ta ce, "Tsoho, kai ka tsara abin nan yadda kowa zai ƙara ɗaki, ya ƙara titi, ba sai ya nemi izininka ba. Shekara ashirin kana cika mana kunne da wannan." Na ce, to sai me? Ta ce, "Harsashin garin kaɗai ya rage a hannunka. Ba mu mabuɗin, kalmar sirrin nan."
Na ce ta fitar mini daga gida. Sai da ta shanye gahawarta, ta wanke kofin, sannan ta tafi.

Talata, 11 ga Maris
Ban shiga Kaisla ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Mai lambun ta rubuto. Helmi sunanta, daga garin Kemi. Ba zagi, da ma zagin ne. "Na san ba da gangan ba ne. Ina ta ƙoƙarin sake rubuta itacen tuffan, amma kalmomin sun ƙi zuwa kamar na farko."
Na fara amsa sau huɗu.

Laraba, 19 ga Maris
Na buɗe rubutun harsashin, wato umarnin kwamfutar da garin ke tsaye a kai, wanda na yi tun 1993. Tsaf yake. Nawa ne, ga barkwancina nan a gefen layuka. Amma na bi shi daga sama har ƙasa ban gane yadda yake aiki ba. Ina zaune har miyar kifi ta huce.

Juma'a, 21 ga Maris
Na rubuta mabuɗin a bayan ambulan, na ba Sinikka ta kai wa Outi. Don kada ya ɓata ne kawai.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na shiga Kaisla da sabon suna, kamar kowa. Titi uku na yi na ɓace. Wani mai kiran kansa Kurki ya tare ni: "Baƙo ne? Taho in zaga da kai." Ya kai ni wata gada, da wata kasuwa mai hawa biyu, ban taɓa sanin akwai su ba. Ya ce, "Wanda ya kafa garin nan bai hana kowa gini ba, shi ya sa ya yi girma haka. An ce ba shi da lafiya."
Na ce, ayya.
Ya tambaya ko ina son fili. Na ce ni kallo kawai na zo.
Na karɓi ɗan ƙarami, kusa da ruwa. Ɗaki ɗaya dai. Gobe zan sa masa taga, in na tuna yadda ake yi.