Kayan Barcin Minista

Santos Suárez, Havana
Watan Janairu

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa ta ladabi daga 'yarki, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ƙanena Yasmani da Inna Xiomara da duk wanda kuke zaune da shi a Valencia. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan da aiki yake sa miki, ya kare ku daga sanyin ƙasar, ya sa Yasmani ya daina yawo ba hula. Mu nan muna nan yadda kika bar mu. Ƙanwarki Inna Odalys ta tashi daga murar da ta kwantar da ita. Mijinta Kawu Rigo ya gyara babur ɗinsa, babur ɗin ya sake lalacewa. Wuta tana zuwa ta tafi lokacin da ta ga dama. Na haye jarrabawar lissafi da ƙyar. Matar da take ba ni hayar littattafan soyayya ta ce na karance mata shago kaf, in yi haƙuri sai wata tsohuwa ta mutu an kawo mata nata. Na faɗi waɗannan ne don kada ki ce ban ba ki labarin gida ba, amma ba su suka sa na ɗauki biro ba.

Kin san halina, a waya bakina ba ya buɗewa. Duk kiran da kika yi tun bayan bikin zagayowar haihuwar mahaifinki Kaka Aurelio, lafiya lau kawai nake ce miki in miƙa wa Inna Odalys wayar. To ba lafiya lau ba ne, Mama. Raina a ɓace yake da ke, irin ɓacin da ban san ina da shi a cikina ba, kuma na hana Inna ta gaya miki komai saboda ni nake so in faɗa. Jikar maƙwabciyarmu Migdalia za ta tashi zuwa Madrid, ita zan ba takardar ta sa miki a gidan waya. Ki karanta har ƙarshe, don Allah, ko da kin ji na yi miki rashin kunya.

Ina goye lokacin da aka sauke Kaka daga minista, amma ke kina da wayonki, kuma ke kika ba ni labarin da bakinki. Kika ce shekara da shekaru yana cikin ministocin tsohon shugaban ƙasa, ba ya cin abincin rana a gida, ba ya sanin ajin da kuke. Rana ɗaya aka wayi gari da 'yar sanarwa a jarida cewa an sauke masa nauyin aikinsa. Ba kotu, ba a faɗi laifi ba, ba a ba shi wani aikin ba. Aka zo aka ɗauke motar, wayar gida ta daina ƙara, mutanen da suke cin abinci a teburinku suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Mutanen garin nan kuwa, da ba sa barin abu ya wuce ba su laƙaba masa suna ba, kin fi ni sanin me suke kiran wannan: plan pijama. Wato an maida babban mutum gida ya zauna cikin kayan barci har ya mutu. Ke kika gaya mini cewa a makon da aka sauke shi mamanki, Allah ya jiƙanta, ta kwaso duk kayan barcinsa, ta miƙa miki almakashi, kuka yanka su tsummokaran goge ƙasa. Ke kika riƙe almakashin, Mama!

Tun daga ranar, ni dai da wayona ban taɓa ganin Kaka ya fito daga ɗakinsa ba shiri ba. Da singileti da tsohon wando yake kwana. Gari na wayewa ya yi aski, ya sa farar rigarsa mai aljihu huɗu, ya goge takalmi, ya fito baranda ya zauna da kofinsa kamar mota za ta zo ɗaukarsa. In wuta ta zo da tsakar rana, kowa ya ruga cajin waya, shi ya ruga dutsen guga. Yaran layi suna ce masa Minista don tsokana, shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar da gaske suke. Ni kuma kullum sai ya ce, gimbiya, yau saurayin littafin naki ya samu bakin magana ko har yanzu kallon teku yake? Haka muke zaune, kuma kin sani.

Sai ga kunshinki ya iso, an rubuta a jiki kada a buɗe sai ranar bikin. Ba ki san irin murnar da na yi ba. Tun da kika tafi ba ku yi magana da shi ba, na ce shi ke nan, ga sulhu ya zo a cikin takarda mai sheƙi. A littattafaina haka ake yi: a aiko da agogo ko tsohon hoto, tsoho ya share hawaye, a kira waya. Na ɗora kunshin a tsakiyar tebur, kusa da shinkafa da wake da rogon da Inna ta dafa da tafarnuwa. Migdalia ta zo ba gayyata kamar kullum. Sannan Kwamared Heriberto ya zo, kin tuna shi, wanda suka yi minista tare da Kaka, wanda shi ba a taɓa sauke shi ba, ya yi ritaya da lambar yabo. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya ajiye motarsa inda duk layi zai gani, ya hau bene da kwalba a hannu yana nishi, ya rungume Kaka yana kiransa ɗan'uwa.

Bayan an ci abinci Kaka ya warware kunshin a hankali, don ba ya yaga takarda. Ya ɗago rigar, ya ɗago wandon. Shuɗi mai ratsin fari, yadi mai laushi, har da aljihu a ƙirji. Kayan barci ne, Mama. Migdalia ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa Heriberto ko ɓoyewa bai yi ba, ya buga cinya ya fashe da dariya, wai Aurelio, ashe sai yanzu aka kawo maka yunifom ɗinka, gwamnati ta yi jinkiri amma ga 'yarka ta cike mata! Ya ƙara da cewa yadin waje ne ma, ko su da suka gama lafiya ba su samu irinsa ba. Kawu Rigo ya tashi wai zai duba babur. Ni na rasa inda zan sa idona.

Kaka bai ɗaga murya ba. Ya ninke kayan yadda suka zo, ya dubi Heriberto, ya tambaye shi ko hannun nan nasa na dama da ya ɗaga ya amince a taron da aka sauke shi Kaka ya sauko, ko har yanzu yana sama yana jiran a ce masa ya sauke. Heriberto ya ce haba Aurelio, wasa ne, kowa ya ɗaga hannu ranar, kai ma ka ɗaga a kan wasu kafin taka ta zo. Kaka ya ce gaskiya ne, ya ɗaga, shi ya sa bai taɓa zuwa gidajensu cin abinci yana dariya ba. Ya ce wa Inna ta miƙa wa kwamared kwalbarsa, bene yana da duhu, ya sauka a hankali. Na ji daɗi a lokacin, na ce Kaka ya rama, magana ta ƙare.

Washegari na dafa kofi na kai baranda, kujera ba kowa. Na ƙwanƙwasa ɗakinsa. Mama, yana zaune a bakin gado cikin kayan barcin da kika aiko, ya ɓalle maɓallan har wuya. Na ce Kaka, rigarka tana rataye, na goge. Ya ce in bar ta, 'yarsa ta yi gaskiya, shi ne ya daɗe yana wasan yara. Tun ranar bai cire su ba sai in za a wanke, ya lulluɓa da zanen gado ya jira su bushe. Ya daina aski. Ya daina fita baranda. Abinci sai ya ci cokali kaɗan ya ture. Yaran layi sun tambaye ni ko Minista ya yi tafiya. Likitar unguwa ta zo ta auna shi ta ce ba ta ga ciwo ba, amma ta ja Inna gefe ta ce tsoho in ya kwanta irin wannan kwanciyar ba ya daɗewa. Rannan da gangan na zauna kusa da shi da littafi a buɗe, ina juya shafi da ƙarfi ko zai tsokane ni. Ko kallona bai yi ba.

Inna Odalys tana kare ki. Ta ce kina wuni kina ɗawainiya da tsohuwar mutane, kin gaji, kin ji yana tari a bayan waya, kika ga kaya masu ɗumi a shago kika saya, ba ki kawo komai a ranki ba. Na yi ta juya maganar nan. In mantawa kika yi, to me kuma kika manta da shi namu? In ƙasar nan ta iya goge miki almakashin nan daga kai, ni ma haka za ta yi mini in na zo? In kuma da gangan ne, saboda abin da ya faru ranar tafiyarki, da ya ƙi sauka daga baranda ya raka ki, kika tsaya a titi da akwati kika ce masa ya ba da ransa ga mutanen da suka jefar da shi kamar bawon lemo, to kin rama, Mama, kin rama fiye da yadda kike so. Abin da dukan ministocin nan da jaridarsu suka kasa yi masa, ke kin yi shi da kunshi ɗaya. Ban san wanne ya fi ba ni haushi ba. Shi ma ina jin haushinsa, da ya tsaya wa duniya duk shekarun nan sannan ya faɗi don yadi. Heriberto kuwa, in na sake ganin motarsa a layinmu, ni da ba na iya yi wa mai biredi magana, Allah kaɗai ya san abin da zan yi.

Yanzu ga abin da na yanke. Ranar da aka ba ni a ofishin jakadanci don takardun zuwa wurinki tana cikin watan gobe. Ba zan je ba muddin Kaka yana cikin kayan nan. Na san wahalar da kika sha kafin a samu ranar, na san in ta wuce sai an sake bin layi daga farko. Inna ta ce na haukace, mutane suna sayar da gida don abin da nake turewa. Kada ki ɗauka ba na so. Ba ranar da ba na zuwa Valencia a cikin kaina. Na san rigar da zan sa in sauka daga jirgi, na san tagar da zan zauna in yi karatu a hoton ɗakinki, har na san yadda zan yi in wani ya tambaye ni hanya a tashar jirgin ƙasa. Amma ba zan rufe ƙofa in bar shi a bakin gadon nan ba. Da na gaya masa, ya ce kada in yi wauta, mai kayan barci ba ya bukatar mai gadi. Na ce masa ba shawararsa na nema ba. Wannan ne karo na farko da ya ɗago ya dube ni sosai.

Daga nan na gane abin da nake roƙonki. Ki kira shi, shi, ba ni ba. Ki kira wayar Inna ranar Lahadin farko bayan takardar nan ta same ki, da safe, zan kai masa har gado in riƙe masa a kunne in ya ƙi karɓa. Kada ki yi kuka, kada ki kawo zancen tari. In mantawa kika yi ki ce kin manta, in da gangan ne ki ce da gangan ne. Ki yi masa faɗa ma in kin ga dama, ki maimaita masa duk abin da kika faɗa a titi, ki bar shi ya mayar miki. Kaka bai iya gardama a zaune ba, kin sani, sai ya miƙe, kuma ba zai yarda ya yi gardama da kowa cikin kayan barci ba. Ni na gwada, ban iya ba. Ke kaɗai kika gaji bakinsa.

Ki gaida Yasmani, ki ce masa tantabarunsa suna nan, Kawu Rigo yana ba su abinci. Ki gaida Inna Xiomara da mijinta, ki yi mata godiyar man gashin da ta aiko. Inna Odalys da Kawu Rigo suna gaishe ki, Migdalia ma ta ce a gaishe ki, na faɗa ne kawai don ta ce in faɗa. Kafin in rufe takardar na shiga na tambayi Kaka ko in sa gaisuwarsa. Ya daɗe yana shafa hannun rigar, sannan ya ce in gaya miki sun yi masa cif-cif, ashe ba ki manta awonsa ba.

Ina jiran Lahadi.

'Yarki, mai fushi da ke kuma mai kewarki,
Dayamí