Wasiƙar da Ta Bi Jirgin Ruwa

Deira, Dubai
4 ga Maris, 2006

Zuwa ga matata Wasila,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da kowa na gida. Ni ma lafiya lau, sai aikin ɗaure kaya a kasuwar Murshid Bazaar da ba ya ƙarewa.

Hoton da kika aiko daga Istanbul ya iso. Na gan ki zaune a jan taragon nan na zamanin da, mai kujerun katako, wanda kika ce yana ratsa tsakiyar kasuwa yana kaɗa ƙararrawa, har mai tafiya a ƙasa yana iya wuce shi. Kin cika shafi biyu da labarinsa. Ni layi uku na samu, ciki har da gaisuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi ya hana ni sakat. Shekara huɗu da aurenmu, ban taɓa ganin kin yi dariya har haka ba. Wa kike yi wa? Kujerar gefenki babu kowa, alhali ga mutane nan tsaye cunkus a bayanki. Ni ba yaro ba ne. Wanda ke zaune a wurin shi ne ya miƙe ya ɗauki hoton. Kin ce sarin labule ya kai ku ke da Hajiya Saratu, ban san a cikin tarago ake sayar da labule ba.

Shekarata uku a nan, ko kwalekwalen da ke tsallakar da mutane zuwa unguwar Bur Dubai ban taɓa shiga don nishaɗi ba, ina cewa sai kin zo mu shiga tare. Ashe ke ba ki iya jira ba.

Don haka na janye izinin da na ba ki. Daga yau babu ke babu fita waje sari. Ki ba Inna fasfonki ta ajiye. In kuma akwai wanda ya fi ni iya sa ki dariya, ki faɗi sunansa in huta.

Zan sa takardar nan cikin kwalin abayoyinki, jirgin sama zai taso da shi jibi.

Mijinki,
Musbahu


Deira, Dubai
13 ga Maris, 2006

Zuwa ga Wasilata,

Ina gaishe ki da kyau, ya jikin Inna, ya kasuwa? Wannan ta hannun Alhaji Mika'ilu za ta zo, gobe zai tashi zuwa Kano. Don Allah ki karanta ta a zaune.

Hajiya Saratu ta biyo ta nan jiya, ni na ɗaure mata kaya. Na yi ta kewaye-kewaye ina son tambaya, sai ga shi ita da kanta ta ɗauko zancen taragon. Ta ce ita ta ɗauki hoton. Ta ce kin tare kujerar gefenki kin hana kowa zama, wani dattijon Baturke yana ta mita, kika ce wurin Musbahu ne, sai an ɗauki hoton tukuna. Dariyar kuma ita kike yi wa, don taragon ya motsa ta kusa kifawa kan mutane. Tana ba ni labari tana dariya, ni kuwa na kasa ɗaga kai daga kan kwali.

To ga abin da ya sa nake rubutu. Akwai wata wasiƙa da na sa cikin kwalin abayoyinki, wadda na rubuta cikin fushi. Da Hajiya ta tafi na ruga sito, nake tambaya ko kayan sun isa Kano. Sai mai sito ya ce kwalin ya yi wa jirgin sama nauyi, tun ranar ya mayar da shi kwantena. An rufe, an buga hatimi, jirgin ruwa ya tashi. Na roƙe shi, ya ce khalas, wato shi ke nan, ko shi ba shi da iko da ita yanzu. Kwana arba'in za ta yi kafin Legas, sannan mota ta kawo Kano.

Ba zan ce ki ƙona wasiƙar ba, don na san ki, ba za ki ƙona ba. Kuma na san Inna ce ke taya ki buɗe kaya, ita ma ta iya karatu.

Kishin bai tafi duka ba. Har yanzu ina jin haushin Hajiya, ita ta ji dariyar nan da kunnenta, ni takarda na samu. Amma abin da na zarge ki da shi ba ki cancance shi ba, kuma kunya ta ishe ni.

Yau na kai takardunki wurin mai yin biza, ya ce sati biyu. Wasila, ki zo kafin jirgin nan ya isa. Na fi so ki ji abin da na rubuta daga bakina, ina tsaye a gabanki, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. In kika riga kika karanta shi da rubutun hannuna, ban san ko za ki sake tare mini kujera ba.

Ki gaida Inna, kada ki ce mata komai tukuna.

Mijinki mai neman afuwa,
Musbahu