Abin da Za a Yi da Muryar Corey

Ni Glenys Treloar, matar marigayi Merv Treloar, mazauniyar garin Port Callow a gaɓar tekun kudancin Ostireliya, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya sa ni kuma ba wanda ke tsaye a kaina. Jiki ne ya gaza, kai yana nan garau. Likita ta gaya mini abin da ke cikina ba tare da kwana-kwana ba, ta ce da wuya in ga Kirsimeti. Lauya yana da tasa takardar ta hukuma. Wannan tawa ce zuwa gare ku, Narelle da Warwick, 'ya'yana biyu da suka rage. Na so a ce ku zauna ku karanta ta tare, amma na san halin da ake ciki, shi ya sa na ce a ba kowa tasa.

Na ɗaya. Ba a bina bashi, ba na bin kowa. Gidan nan ku sayar ku raba daidai. Kwalekwalen babanku na Warwick ne, tun da shi ke kula da injinsa tun Merv na da rai. Keken ɗinkina da littattafan girki na Narelle ne. Zoben aurena ku ba Tahlia, 'yar ƙaninku Corey, wadda aka haifa uban yana kabari. Ku haɗa mata da allon da Corey yake hawan igiyar ruwa da shi, yana rataye a rumfar baya. Kada kowa ya goge kakin hana santsi da ke jikinsa, sawun ƙafarsa na nan.

Na biyu. Ku binne ni tsakanin Merv da Corey. Ba na son dogon jawabi a coci, waƙa biyu sun isa, sai a je gida a sha shayi. Amma kafin a rufe akwatin, ku bar shi a buɗe, duk mai son ganina ya gan ni.

Na san kun san dalili, sai dai jikokina za su karanta wannan wata rana, don haka bari in faɗa. A watan Oktoba na shekarar 2002 ƙungiyar ƙwallon garin nan ta gama kakar wasa, samarin suka tafi tsibirin Bali shan iska kamar yadda suka saba. Warwick da Corey suna ciki. 'Yan ta'adda suka tayar da bam a gidan rawar da suke. Warwick ya dawo a jirgin marasa lafiya, wuta ta cinye shi daga kafaɗa zuwa yatsu. Corey ya dawo bayan makonni a cikin akwatin da aka ce ba za a buɗe ba. Na roƙa, na yi kuka, na ce ko hannunsa ne a nuna mini. Merv ya riƙe ni ya ce, "Glen, bar shi yadda kika san shi." Na bari, don ba ni da yadda zan yi. Har yau akwai wani ɓangare na zuciyata da bai yarda an binne yaron nan ba. Ba na son ku zauna da irin wannan a kaina.

Na uku. Nyoman, direban nan na Bali da ya ɗauki Warwick a bayan motarsa ya kai shi asibiti alhali ƙanwar matarsa tana cikin waɗanda ba a gani ba, ya tsufa yanzu. Duk shekara ina aika masa gaisuwa da hoton yara, shi ma yana aiko nasa. Kada abin ya mutu da mutuwata. Kuma kada ku koya wa 'ya'yanku ƙin mutanen can, ko ƙin masu addinin da makasan suka fake da shi. Likitar da ke riƙe hannuna a kwanakin nan Musulma ce. Ni ban yafe wa waɗanda suka yi abin ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ranar da aka ce an zartar musu da hukuncin kisa na zauna ina jiran in ji sanyi a raina, ban ji komai ba. Na tashi na shanya wanki.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar kaset ce.

Kwana biyu kafin abin ya faru Corey ya bugo waya gida ba mu nan, ya bar saƙo a na'urar ɗaukar saƙo. Da majalisar gari ta mai da tsohuwar tashar jirgin ƙasa gidan tunawa da yaranmu, aka nemi kowane gida ya kawo abin da zai iya. Narelle ta kai takalman ƙwallonsa da kaset ɗin, ni na sa hannu. Suka ɗauki muryar suka sa a wani kan waya da ke jikin bango, duk wanda ya ɗaga sai ya ji. Ranar buɗewa Warwick ya ɗaga, ya ajiye, ya fita waje. Narelle ta bi shi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ya ce mata, "Kin rataye ni a bango 'yan makaranta su zo kallo." Ta ce, "Ba kai kaɗai ka yi rashi ba, Warwick." Tun daga ranar ba ku sake zama a teburi ɗaya ba. Babanku ya mutu kuna gefe biyu na kabarinsa kamar baƙi.

Ni ma ban sake shiga gidan tunawar ba. In na zo wucewa sai in bi ta bayan kantin magani. Da likita ta gaya mini maganarta, na ce zan je sau ɗaya kafin in tafi. Kowannenku ya ga rabin ranar nan, bari in haɗa muku ita.

Warwick ne ya kai ni, domin shi ke da motar da keken guragu ke shiga. Narelle tana jira a bakin ƙofa. Ya turo ni har gaban matakala, ya saki keken, ta kama. Ba sannu, ba kallo. Kuka miƙa ni kamar kaya a tasha. Na buɗe baki in yi magana, na rasa da wa zan fara.

A ciki sun gyara wurin da kyau, ba ni da abin zargi. Hotunan yaran suna jere, kowanne da rigar ƙungiya. Duk na san su. Akwai wanda na yi wa allurar rigakafi lokacin ina aikin jinya, akwai wanda ya taɓa fasa mini taga da ƙwallo. Dukkansu suna nan yadda suke, iyayensu ne muka tsufa muka ƙare. Takalman Corey suna cikin akwatin gilashi, igiyar na hagu a ƙulle da irin ƙullin banzan da na yi ta yi masa faɗa a kai. Na ce da yarinyar da ke kula da wurin ko za ta buɗe mini in taɓa. Ta rikice, ta ce makullin yana wurin shugabarsu, ita kuma ba ta zo ba, kuma ko an buɗe sai da safar hannu. Ta yi ta ba ni haƙuri har idonta ya kawo ruwa. Ni na saya masa takalman nan. Na ɗora tafina a kan gilashin, da na ɗauke sai ga shatin hannuna, na san kafin yamma za a goge shi.

Muna nan sai ga 'yan makaranta da malamarsu. Wata yarinya mai kitso biyu ta ɗaga wayar bangon. Na ga ta kara a kunne, sai ta tuntsire da dariya, ta yafito ƙawarta. Daga nan idonta ya sauka a kan rubutun da ke ƙasa, dariyar ta tsaya mata a fuska. Ta mayar da wayar a hankali da hannu biyu.

Da suka wuce na ce Narelle ta matsar da ni. Na ɗaga.

"Mama, ni ne, ɗanki kyakkyawan, ba ɗayan ba. Mun iso lafiya. Ki zo ki ga babban ɗanki, wuni ɗaya a bakin teku rana ta ƙona shi ƙurmus, ya yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, ko riga ba ya iya sawa. Ki ce wa Baba kada ya taɓa mini mota. Ki ajiye mini cinyar rago, ranar Laraba ina gida."

Can bayansa kuma ana jin muryarka, Warwick, kana dariya kana cewa, "Ba ni wayar nan, ɗan banza."

Na yi dariya, ni ma. Sannan na kira sunansa a cikin wayar, da ƙarfi, har yarinyar wurin ta juyo. Saƙon ya ƙare ya sake farawa daga "Mama, ni ne." Ban san sau nawa na saurara ba. Narelle ce ta zare wayar daga hannuna, ta durƙusa ta kifa kanta a cinyata. Ta ce mini ita abin da ta ji tsoro shi ne ya koma suna a jikin dutse, mutane su karanta su wuce. Ta ce a nan aƙalla baƙo yana yin dariya da shi kafin ya san ya mutu. Tahlia ma haka ta taɓa gaya mini, cewa tana da muryar a wayarta, amma a can ne kawai take ganin wasu suna jin ubanta.

Da muka fito kuka sake miƙa ni yadda kuka yi da farko. A mota Warwick ya yi ta tuƙi har muka wuce gada. Sai ya ce, "Har yanzu yana faɗar maganar ƙaguwar nan?" Na ce yana faɗa. Na dubi hannayen nan nasa a kan sitiyari, cikin doguwar rigar da ba ya cirewa ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Can ya ce, "Ƙarya yake yi fa, Mama. Na shafa man kariya daga rana." Ya faka motar a gefen hanya, muka zauna, ba wanda ya iya kallon wani.

Narelle, ba ki ji wannan ba. Ki sani duk baƙon da ya fito daga gidan tunawar nan ya shiga kantin kayan kamun kifi inda ƙaninki ke aiki, hannunsa yake fara kallo. Wasu har tambaya suke yi ko shi ne na cikin wayar. Shi ya shiga wutar neman Corey bai same shi ba, kuma kullum ƙaninsa yana jikin bango yana tsokanarsa da ƙuna. Warwick, kai ma ba ka ga yayarka a durƙushe ba. Ita ta je Bali ta bi asibitoci da hoton Corey lokacin da ni da babanku muke gefen gadonka. Ita ta ba da jininta aka gwada aka gane gawar. Abin da ta gani a can ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Aron muryar da aka ba gidan tunawar da sunana yake. In na mutu dole wani ya ce a bari ko a cire. Na juya maganar nan ta kowace fuska. In na ce a bari, na bar ɗana a rataye. In na ce a cire, na sake kashe Corey a idon 'yata da jikata. Ban sami hanyar da ba ta taka ɗayanku ba. Don haka na sa lauya ya mayar da ita da sunanku ku biyu. Ya ce mini wannan ba ya warware komai. Na ce masa na sani.

Abu ɗaya nake roƙo. Kaset ɗin na asali sun dawo mini da shi, yana cikin kabad ɗin kicin tare da tsohuwar na'urar, kuma tana aiki. Kafin ku sayar da gidan, kafin kowa ya je wurin lauya, ku zauna a kicin ɗin ku biyu, ba mata ba miji ba yara, ku saurare shi sau ɗaya. Abin da kuka yanke bayan nan na yarda da shi tun yanzu.

Na biyar. Taron tunawa da ake yi a bakin teku duk Oktoba, wanda ya ga zai iya ya je, wanda ba zai iya ba kada a yi masa gori. Kowa da yadda yake ɗaukar kayansa. Amma Tahlia kada ta rasa wurin cin abincin Kirsimeti. Ta gaji da zaɓar gidan da za ta je don kada ta ɓata wa ɗaya rai, kuma ba ita ta jawo ba. 'Ya'yanku suna haɗuwa a makaranta suna gaisawa a ɓoye kamar masu laifi. Ku sake su.

Allah ya yi muku albarka, ku da abokan zamanku da zuriyarku. Ya ba Narelle barci, ya ba Warwick sauƙin fata da na zuciya, ya ba Tahlia wanda zai riƙe ta da mutunci. Na yafe muku duk abin da kuke tsammani kun yi mini. Uku na haifa. Ɗaya ban iya tsare shi ba, biyun ban iya haɗa su ba ina da rai, ga shi na gwada har ƙarfina ya ƙare. Ba ni da sandar da zan tilasta muku, ba ni da sauran lokaci. Ku riƙe juna, domin daga ni babu wanda ya rage da ya san ku tun kuna yara sai ku.

Mahaifiyarku,
Glenys