A Zaune Zan Yi Magana

Yaya Debasis,

Gaisuwa daga Hyderabad. Yaya yara, yaya gwiwar Mama?

Lafiyata lau, barci ne kawai ya yi ƙaranci. Bana ba zan zo bikin Durga ba, domin a makon zan rubuta jarrabawar shaidar ƙwarewa a harkar magunguna.

Kada ka ce taurin kai ne. Kamfaninmu ya aike ni in gargaɗi wani likita cewa sabon maganinmu yana wahalar da masu ciwon ƙoda. Ko kallona bai yi ba, ya ɗauka kalandar kamfani na kai masa, ya ce, "'Yar talla, ajiye kalandar ki tafi." Abokin aikina mai shaidar kuwa, har kujera ake jawo masa.

Ka lallashi Mama, a aiko min da busasshen mangwaro. Zan koma wurin likitan nan, kuma a zaune zan yi magana.

Ƙanwarka,
Sasmita