Kilo Casa'in da Biyu na Genzo

Utsunomiya, 4 ga Yuni

Genzo-san,

Gaisuwa mai yawa. Damina ta sauka a nan, ina fata gwiwarka ba ta matsa maka ba. A gaida maiɗakinka Tomie-san.

Farar motarmu za ta cika shekara talatin, kamfani ya ce ni zan rubuta tarihinta. Na rubuta yadda muka cire rediyo da esi da kafet da safaya, muka sirantar da gilashi, har muka rage mata kilo ɗari da ashirin. Na rubuta cewa guda ɗari biyu kacal aka ƙera. Da na zo kan ranar gwaji a filin tseren motoci na Suzuka sai hannuna ya ƙi tafiya.

Shekara biyu kai ke tuƙa ta, kai ka san halinta a kowace kwana. Amma ranar gwajin, da 'yan jarida suka zo, sai aka miƙa makulli ga wani siririn direba daga Tokyo, sunansa ne ya shiga jarida. Ka ɗauka manaja ne ya cire ka. Ni ne. Ni na rubuta masa cewa ɓarna ce mu aske nauyin mota giram-giram sannan mu ɗora Genzo mai kilo casa'in da biyu. Washegari kuma na zauna a gidanka na ci shinkafarka.

Kunya ta ishe ni. Ka yafe mini, in da hali.

Naka,
Shozo

Hamamatsu, 15 ga Yuni

Shozo,

Muna lafiya, Tomie na amsawa.

Haba! Shekara talatin kana dakon wannan? Duk kamfanin nan wa ke rubutu kamar tonon kaza in ba kai ba? Mako uku kafin gwajin na ga takardar a teburin manaja.

Tunda ka buɗe ciki, ga nawa. Daga ranar na daina cin abinci. Tomie ta ɗaura mini abincin rana, ni kuwa in juye shi a bayan gareji. Kilo huɗu kawai na sauke. Ana saura kwana biyu jiri ya ɗebe ni a babbar kwana, na murje wa motar gefe a jikin shinge. Na ce birki ne. Kun kwashe kwana biyu kuna kwance birkin da lafiyarsa ƙalau, ina tsaye ina kallonku.

To, wa zai yafe wa wa? Amma na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Har yau ban sake shiga cikinta ba.

Ka huta lafiya,
Genzo

Utsunomiya, 19 ga Yuni

Genzo-san,

Na karanta sau uku. Ashe har yunwa na sa maka. Ban san inda zan sa kaina ba.

Sunanka na sa a shafin farko, na kuma rubuta abin da na yi. Maganar birki ta tsaya tsakaninmu. An ba ni mota ta farko da aka ƙera ranar Asabar ta ƙarshen wata, filin Suzuka namu ne awa guda. Ka zo ka tuƙa ta, na roƙe ka.

Naka,
Shozo

Hamamatsu, 23 ga Yuni

Shozo,

Gaisuwa. Ka sa maganar birkin ma, tarihi ne.

Ƙarya na yi da na ce muna lafiya. Watana biyar ina asibiti, ƙafata ba ta iya taka birki yanzu. Likita ya ba ni yini ɗaya, Tomie za ta kawo ni. Kai za ka tuƙa, ni in zauna a gefe ina yi maka faɗa.

Kada ka ɗaga ranar.

Genzo