Inda Iska Ke Shiga

Litinin, 18 ga Maris
Na gama huda bishiyoyin mapul, masu ruwan zaƙin da muke dafawa ya yi kauri kamar zuma, ɗari huɗu da sha biyu. Ruwa ya fara bin tiyo, amma tafiyar hawainiya yake. Famfon da ke tsotso shi zuwa tanki yana ta kaɗawa, allurar ma'auni kuwa ta kafe a takwas. Bara ashirin da biyu take nunawa. Famfon ne ya mutu. Shekara tara yana aiki, ba zan zage shi ba.

Solange ta bugo waya. 'Yata ce, amma tun rasuwar uwarta ta koma uwata. Ta tuna mini alkawarin da na yi mata a Kirsimeti: in bana na kasa riƙe dajin ni kaɗai, in ba maƙwabcina Ovila haya, in koma ɗakin da ta samo mini a gari. Ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motoci. Har yau ban san abin da ya kai bakina ba.

Alhamis, 21 ga Maris
Na je shago a Saint-Georges. Famfo iri biyu suka nuna mini: ƙarami mai aiki da batir, da wani mai kai biyu da sai an ja masa wuta. Na fi awa ina juya su. Yarinyar shagon ta tambaya ko na bi layukan tiyo na duba inda iska ke shiga. Sai da ta faɗa sau uku, yaran yanzu a cikin hanci suke magana. Ni Fernand, da na fara dafa ruwan mapul tun ubanta bai iya ɗaura takalmi ba. Na ɗauki ƙaramin, na fito ko sallama.

Asabar, 23 ga Maris
Sabon famfo. Allura a tara.

Laraba, 27 ga Maris
Dare ƙanƙara, rana ɗumi, kwana huɗu a jere. Irin kwanakin da ake roƙo duk shekara. Hayaƙin bukkar da Ovila ke dafa ruwansa ba ya yankewa, ni sau ɗaya na hura wuta, abin da na dafa ko rabin ganga bai kai ba. Na bi layuka da kaina, ƙafa na nutsewa a dusar ƙanƙara har gwiwa. Shiru ko'ina. Babu inda ke yoyo. Na mayar da ƙaramin na karɓo mai kai biyu. Tsoro nake ji, a nan kaɗai zan faɗa. Da bishiya ta fara toho ruwa zai yi ɗaci, shekara ta wuce ke nan.

Asabar, 30 ga Maris
Sha ɗaya. Na zauna a kan bokiti ina kallon allurar har yatsuna suka sandare.

Ovila ya biyo da tarakta. Ya dubi injin ya ce, "Tsoho, wannan ai ko rijiya zai ƙafar. Ba famfo ne ciwonka ba." Na ce masa ya je ya ji da hayaƙinsa. Dajina yake so, na sani. Ko kuma ban sani ba. Shi ya haƙa mini hanya cikin dusar ƙanƙara ranar jana'izar matata Réjeanne.

Lahadi, 31 ga Maris
Bikin Ista. Solange ta zo da miyar wake da naman alade kamar yadda uwarta ke yi, sai dai gishiri ya yi kaɗan. Ta leƙa tanki. Bayan abinci ta ce mu zaga dajin.

Ba mu yi taku hamsin ba ta tsaya cak. Ta nuna wani tiyo ta ce kurege ya ci nan. Na duba, hudar ba ta kai ƙwayar gero ba. Gaba kaɗan ta sake tsayawa. Ta sake. Wuri bakwai a layi ɗaya, layin da na bi ranar Laraba.

Ta ce, "Baba, ba ka jin shi? Yana ta tsaki."

Na ce iska ce ta yi yawa. Ko reshe ɗaya ba ya motsi.

Ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Mama ce take tsayawa, kai ka yanka ka haɗa. Tun ina ƙarama haka nake ganinku."

Na koma bukka na ce zan duba wuta. Babu wuta.

Talata, 2 ga Afrilu
Ban yi komai jiya ba. Shekara arba'in ina gaya wa mutane na san dajin nan kamar tafin hannuna. Ashe ni mai riƙe almakashi ne. Réjeanne takan yi gaba da jar hularta, ta ɗaga hannu, in zo in gyara. Ban taɓa tambayar yadda take ganewa ba. Kuma ba ta taɓa faɗa ba, ta bar ni ina cika baki a gaban Ovila. Haushinta nake ji yau, ina kuma kewarta.

Rediyo ya ce zafi na zuwa mako mai zuwa. Bakwai ɗin da muka gyara sun kai allura sha huɗu. Saura layi tara. Solange tana da aiki, ba zan roƙa ba.

Alhamis, 4 ga Afrilu
Ina neman safa a durowar Réjeanne na ci karo da na'urar jin nan da ta tilasta mini saya shekara uku da suka wuce. Sau ɗaya na sa na ce ta kurame ce. Ta naɗe ta a hankici, har da sababbin batura. Na sa, don kawai in ga ko tana aiki.

Dajin nan surutu gare shi ashe. Wuri talatin da ɗaya na yanka na haɗa kafin la'asar. Allura ta kai ashirin da uku. Famfo mai kai biyu dai ya yi, na zaɓa daidai, haka na gaya wa Solange.

A layi na shida na ji tsakin, na tsaya, na ɗaga hannu. Na daɗe a haka kafin na tuna almakashin yana aljihuna.